Ƙofar Mai Zaman Banza

Shekara talatin da ɗoriya Mai Walda ya yi yana tsugune a gindin motocin mutane, har sunan sana'ar ya cinye nasa. Matarsa ma in tana jin tsokana haka take kiransa. Wata rana da hantsi yana cikin ɗinke salansar wata tasi, sai sandar walda ta suɓuce daga hannunsa, ya kife a kan tayar da yake dafe da ita. A asibiti aka ce zuciyarsa ce take tsallake bugu. Aka tsaga ƙirjinsa ta wajen kafaɗa aka dasa masa wata 'yar na'ura mai batir, ba ta kai akwatin ashana ba, wadda za ta riƙa zaburar da zuciyar in ta yi sanyi. Likita ya ce daga yau shi da injin walda sai hange daga nesa, domin wutar injin tana iya rikita na'urar.

Yana kwance a asibitin ne ɗaya abin ya faru. 'Yarsu tilo malamar makaranta ce, shi kuma Uwata yake ce mata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta. Kullum in ta tashi daga aiki sai ta biya gida ta ɗauko mahaifiyarta, Umma, a tsohuwar motarsa su zo dubiya. Rannan a shataletale wata motar ɗaukar kaya da birkinta ya ƙi ci ta zo ta daki ƙofar mai zaman banza, wato ta kujerar gaba kusa da direba, inda Umma take. Ko ɗigon jini ba a gani ba. Umma ta rarrafo ta fito ta ƙofar direba, ta wanke mai motar kayan da faɗa tas, sannan ta shafa gefen kanta ta ce ɗan ƙulu ne kawai. Suka yi shawara a bakin titi cewa ba za a gaya wa mai ciwon zuciya ba. Suka kira garejin da yake aiki aka zo da janwe, su kuma suka tari tasi.

Umma ta zauna a gefen gadonsa kamar kullum. Ta ɓare masa lemo, ta yi ƙorafin ƙarar fankar ɗakin, ta ce kanta na sarawa. Malama ta ce tunda ga su a asibiti bari a duba ta, ita kuwa ta ce majinyaci ɗaya ya ishi gida. Ta koma gida ta kwanta, ba ta farka ba.

Ba a gaya masa ba sai da likita ya ba da izini, lokacin kuwa an riga an binne ta. Kafin nan Malama takan zo ita kaɗai ta ce Umma mura take yi, tana gudun ta shafa masa. Maigareji ne ya faɗa masa, likita na tsaye a kansa, Malama na bakin ƙofa ta juya baya. Ya yi salati kamar yadda ake yi. Ya jira wani abu ya taso masa daga ciki, kuka ko ihu ko faɗuwar gaba, bai ji komai ba sai ƙaiƙayin ɗinkin da ke ƙirjinsa. Ya tambaya ko an kashe fankar ɗakinsu, don Umma takan manta da ita a kunne.

Da ya koma gida sai zaman ya zama na mutum biyu masu ladabi. Malama ta jera masa magunguna a kan tebur, ta dafa abinci marar gishiri, ta fita da sassafe ta bi bas zuwa makaranta. Maganarsu ba ta wuce ta magani da wutar lantarki da famfon banɗaki da ke ɗiga. Bai yi fushi da ita ba. Ya lalubi fushin a ransa don ya san yadda zai yi da shi, bai same shi ba. Ita kuwa ta daina kallonsa ido cikin ido, in za ta miƙa masa kofi sai ta kalli kofin.

Da zaman gida ya ishe shi ya fara zuwa gareji. Maigareji ya ce bencin nan nasa ne, ya zo duk ranar da ya ga dama. An ba Dogo aikinsa, mai waldar garejin da ke maƙwabtaka da su, wanda suka shekara da shekaru suna kushe ɗinkin juna. Dogo ya yi masa ta'aziyya da hawaye shaɓe-shaɓe, washegari kuma ya koma halinsa, ya ce yanzu Mai Walda ya zama rediyo, in ya yi shiru a duba batir. In zai kunna inji sai ya ɗaga murya ya ce mai batir ya matsa, Mai Walda ya tashi ya fita bakin ƙofar garejin ya tsaya, yana ganin hasken walda na walƙiya a jikin bango. Mutane suna dariya, shi ma yakan buɗe baki kamar mai dariya.

Motar tana can ƙarshen garejin, bayan gawarwakin motocin da ake cire wa kaya, an rufe ta da tamfol. Kowa yana kewaye ta. Ran nan ya je ya yaye tamfol ɗin. Ya daɗe yana dubawa da idon sana'a, don shi kaɗai ne idon da ya rage masa. Ƙofar gaba ta lotsa ciki, ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofin biyu ya ɗan karkace, gilashi bai ma fashe ba. Ya sha gyara motocin da suka fi wannan lalacewa nesa ba kusa ba, masu su kuma suka zo da ƙafarsu suka karɓa suna ta surutu. A ƙarƙashin kujera ya ga lemo biyu da suka gangara, sun bushe sun yi baƙi. Ya ɗauke su ya jefa a durom ɗin shara, ya goge hannunsa a wando.

Maigareji ya zo ya tsaya kusa da shi, ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce masu sayen ƙarfe sun yi magana, in yana so a rabu da ita kowa ya huta. Mai Walda ya ce a'a, gyara ta za a yi. Bai san dalili ba. Mota ce ta lalace, abin da ya sani game da mota in ta lalace shi ne a gyara ta.

Ginshiƙin ba shi da magani sai wuta, domin ƙashin mota ne. Dogo ya ja shi da sarƙa ya miƙar, ya yanke inda ya tsage ya ɗinke, Mai Walda na can bakin ƙofa yana hange. Da ƙarfen ya huce ya zo ya bi ɗinkin da yatsa, ya ce ba laifi. Dogo ya ce a kawo ruwa a yayyafa masa, yau Mai Walda ya yabi aikinsa, lallai likitocin nan sun taɓa wani abu ban da zuciya.

Saura ƙofar. Firam ɗinta na ciki ya miƙu da guduma, amma fatar waje, wato siririn ƙarfen da ido ke gani, ta yamutse ba ta gyaruwa. Aka samo wata daga jikin mota irinta a wurin masu kayan gwangwan, koriya, alhali tasu fara ce. Dogo ya ce a bar masa, kafin a sha shayi ya ɗiɗɗiga mata walda ta zauna. Mai Walda ya ce wannan shi zai sa da hannunsa. Ba wanda yake so ya tambaye shi da me.

Mai fenti ne ya kawo maganar gam. Ya ce ai sababbin motoci tun daga kamfani rabin jikinsu da gam ake haɗa shi, kuma matar nan mai shagon kayan gyara tana da shi. Mai Walda ya san da haka. Bara ta kawo shi garejin tana talla, ya ce mata ta kai wa masu gyaran takalmi, nan ƙarfe ake haɗawa ba soso ba. Yanzu ya tashi ya tafi shagon nata da kansa.

Ba ta tuna masa da waccan maganar ba. Ta yi masa gaisuwar rashi, ta ba shi kujera, ta ɗauko abin: robobi biyu manne da juna, ɗaya baƙi ɗaya ruwan toka, da bindigar da ake matsa su, da dogon baki inda suke gaurayuwa kafin su fito. Ta ce ba a sa shi a ƙashin mota, wannan aikin walda ne har gobe, amma fatar ƙofa da rufi da madigadi yana riƙe su gam, ruwa ba ya shiga balle tsatsa, kuma siririn ƙarfe ba ya murɗewa tunda ba zafi. Sharaɗinsa tsabta. A goge ƙarfen har sai ya yi fari tas, kada maiƙo ko zanen yatsa ya taɓa shi. In an ɗora fatar a kan gam, ana iya zamar da ita a daidaita, amma ba a ɗaga ta, in aka ɗaga iska ta shiga, aiki ya ɓaci. Sannan a matse a bar shi har washegari. Ta ja numfashi tana jiran gardama, shi kuwa ya ce to, ya karɓa.

Bai yarda da abin da bai gwada ba. Ya yanko ƙyallen ƙarfe biyu, ya goge, ya shafa, ya haɗa, ya matse da filaya mai kulle ya ajiye a ƙarƙashin benci. Washegari aka ɗaure su a bais, ƙarfen nan mai matse abu a kan tebur, Dogo ya sa kurfi da guduma yana cewa yau zai tona asirin masu gam. Ya yi ta bugu har gumi ya jiƙe masa riga. Ƙarfen ne ya yage a gefe, inda aka haɗa kuwa ko gezau. Dogo ya jefar da gudumar ya ce tsafi ne. Mai Walda ya juya ƙyallen a hannunsa, bai ji daɗi ba, bai ji haushi ba. Ya ce to yana riƙewa.

Ya ɗauki kwanaki yana goge bakin firam da bakin fatar da samfefa, da hannu, a hankali, don an hana shi rungumar injin gurza kusa da ƙirji. Aikin ba ƙara, ba tartsatsi, ba warin ƙonannen ƙarfe da ya saba komawa gida da shi a riga. Sai shuu, shuu, da farar ƙura a gwiwarsa. Ya gwada fatar a kan firam ba gam, ya cire, ya ɗan daddaki baki, ya sake gwadawa, har ta zauna yadda yake so. Abin da ya rage shi ne ɗorawa, kuma likita ya hana hannunsa na ɓangaren na'urar ɗaukar nauyi. Akwai hannaye da yawa a garejin. Bai nemi ko ɗaya ba.

Da safe suna karyawa ya ce, “Uwata, gobe ba makaranta. Ki raka ni gareji, akwai abin da za ki riƙe mini.”

Ta ce to, ba ta tambayi ko mene ne ba. A zatonta an daɗe da sayar da motar.

Ranar hutu ce, garejin ba kowa sai maigadi da ya buɗe musu ya koma inuwarsa. Da suka zagaya bayan gawarwakin motocin ta gan ta, ba ƙofa, kujerar mai zaman banza a fili, sai ta tsaya cak. Ya bar ta a tsaye. Ya shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, ya kwantar da firam ɗin, ya jera filayoyi masu kulle a inda hannu zai kai. Ya goge bakin ƙarfen da tsumma mai tsabta da sinadarin cire maiƙo. Sai ya miƙa mata safar hannu ta roba, ta zo ta karɓa ta sa.

Ya nuna mata inda za ta kama koriyar fatar, ya maimaita mata abin da mai shago ta ce, a zame amma kada a ɗaga. Ya matsa bindigar, ya zubar da na farkon a kan kwali har launin ya gauraya ya zama ɗaya, sannan ya bi bakin firam ɗin da shi. Hannun da ya shekara talatin yana jan ɗinkin wuta bai karkace ba, layin ya tafi santal kamar an ja da zare. Ya baje shi da 'yar roba ya rufe duk inda ƙarfe ya yi fari, ya sake jan wani layin a kai. Warinsa kamar na asibiti.

Suka ɗaga fatar tare, ita da hannu biyu shi da ɗaya, suka sauke ta a hankali. Ta ɗan zarce ta sama. Ya ce ta turo ta wajensa kaɗan, ta turo, gam ɗin ya ɓullo ta gefe baƙi-baƙi. Ya fara kafa filayoyin ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta danne tsakiya da tafukanta. A nan ne, kanta a sunkuye, ta yi magana.

“Baba, ta ce kanta na ciwo. Muna cikin asibiti ta faɗa, likitoci na wucewa ta gabanmu. Ni kuma na san ta bugu.”

Ya ƙulle filayar da ke hannunsa. Ya ɗauki wata.

“A gabana ta faɗa,” ya ce. “Ni na ce mata in ta je gida ta sha magani ta kwanta.”

“Kai ba ka san an yi hatsari ba.”

“Ke ma ba ki san abin da ke cikin kanta ba. Danne nan, kada ki ɗaga.”

Ta danne. Hawaye ya sauko mata ya ɗiga a kan koren fentin, ba ta da hannun sharewa, ta bar shi ya gangara. Ya ɗauki ƙaramar guduma da dungun ƙarfe ya bi bakin fatar yana lanƙwasa shi a kan firam, ƙwas, ƙwas, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba gaggawa. Da ya gama ya share gam ɗin da ya ɓullo, ya ce ta saki.

Shi ke nan aikin. Da walda ce da yanzu ya watsa ruwa, ƙarfe ya yi cuu, ya ɗaga ƙofar ya jijjiga ya san matsayinsa. Wannan kuwa ba abin da za a yi masa sai a ƙyale shi. Suka cire safar hannu suka zauna a benci, ƙofar na kwance a gabansu da filayoyi sun kewaye ta. Malama ta fito da burodi da ruwa daga jakarta, ta tuna masa da ƙwayar maganinsa ta rana, ya haɗiya. Wata kyanwa ta fito daga ƙarƙashin wata mota ta dube su ta wuce. Ta tambaye shi ko da gaske zai riƙe, ya ce ya gwada, yana riƙewa. Suka zauna har inuwar bango ta iso ƙafafunsu, sannan suka yi wa maigadi sallama, Mai Walda ya ja masa kunne kada kowa ya taɓa teburin, suka bi bas suka koma gida. A bas ɗin ta yi barci, kanta ya faɗo kafaɗarsa, ɓangaren ɗinkin. Yana jin zafi kaɗan, bai motsa ba.

Washegari aka cire filayoyin. Dogo ya ƙwanƙwasa ƙofar ko'ina da bayan yatsa yana neman inda za ta yi kukan rami, bai samu ba, ya taya shi ɗaura ta. Mai fenti ya fesa mata fari, sai dai farin sabo ne, na sauran jikin kuwa rana ta cinye shi, duk wanda ya lura zai ga ƙofar ta fi haske. Ya ce a bari ya fesa motar gaba ɗaya, Mai Walda ya ce a bar ta haka. In aka rufe ƙofar sai ta yi tim, ta fi sauran ukun zama.

Maigareji ya ga aikin, ya sayi bindigar gam ta garejin, ya ware masa tebur a can nesa da injin Dogo. Aka fara kawo masa ƙofofi da rufin motoci, har daga wasu garejin. Yana yi, yana gamawa, yana wanke hannu ya koma gida. In an yaba ya ce madalla.

Ba a ba shi izinin tuƙi ba tukuna, don haka Dogo ne ya kai motar gida ya ajiye ta a gindin benen da suke zaune, ya hau ya rataye makullin a ƙusa bayan ƙofa. Ta daɗe a nan. Da safe Mai Walda yakan sauka ya tayar da ita ta yi ɗumi, ya kashe, ya mayar da makullin. Malama takan wuce ta gefenta da jakar littattafai ta nufi tashar bas, ba ta kallonta, shi kuma bai taɓa ce mata komai ba.

Ranar da zai koma asibiti a duba na'urar aka tashi da ruwan sama, irin mai yini. Suka tsaya a bakin bene da lema ɗaya, bas biyu suka wuce a cike ba su tsaya ba. Malama ta dubi agogonta, ta dubi takalminsa da ya fara jiƙewa, ta miƙa masa lemar ta hau sama. Ta sauko da makullin. Ta shiga ta gyara kujera da madubi, ta tayar, ta kunna waifa, hannayenta biyu a kan sitiyari.

Ya zagayo ta ɗaya ɓangaren ya tsaya, ruwa na bugun lemar. Sai ya wuce sabuwar ƙofar, ya buɗe ta baya ya shiga ya zauna. Ba ta ce masa ya dawo gaba ba. Ta saka giya, motar ta ɗan yi tsalle ta mutu, ta sake tayarwa. Suka fita titi a hankali, masu mota na bayansu suna ta hon suna wuce su. Da suka kusa shataletalen ta kunna sigina ta shiga wani layi, suka bi ta bayan kasuwa, hanyar ta fi nisa kuma duk ramuka. Ya ce ta bi a sannu, akwai wani babba a gaba wajen masu sayar da katako, ta ce ta gan shi.